P4000 ko A2000: Gwajin Katin Girafik a Teburina

Asabar, 8 ga Nuwamba, 2025

Katin girafik A2000 da nake jira, wato abin da ke zana hoton da kwamfuta ke nunawa a allo, ya iso yau. Da hantsi Alhajin da nake sayen kayan kwamfuta a wajensa ya kira ni, ya ce in biyo ta shago in karɓa, jiya da daddare kayansa suka sauka daga Ikeja. Na tarar da shi a Ahmadu Bello Way yana warware kwalaye, ya miƙo mini wani ɗan ƙunshi da aka naɗe da salatif sai ka ce ana tsoron ya gudu. Na ɗaga, ba nauyi. Na ce, "Alhaji, ka tabbata akwai kati a ciki?" Ya ce, "Injiniya, je ka saka tukuna, sai ka dawo mu yi magana."

Ga yadda muka yi da shi: na ajiye masa kafin alƙalami, zan riƙe katin zuwa ƙarshen Disamba. In ya yi mini, in cika kuɗi, ya karɓi tsohon nawa ya rage mini wani abu. In bai yi ba, in mayar masa yadda na karɓa. Shekara shida muna hulɗa, shi ya sa ya yarda.

Kwamfutata HP Z440 ce, tokumbo, da furosesa Xeon E5-1650 v3 da ram 32GB. Da ita nake zanen gine-gine da rana. Da dare kuma ta zama ta ƙanena, wanda ke karatu a Kadpoly yake zaune a wajenmu, ni ma nakan karɓi hannu in an samu wuta. Katin da ke ciki Quadro P4000 ne, fitowar 2017, mai memori 8GB, yana cin wat 105. Sabon shi ne RTX A2000, fitowar 2021, mai memori 6GB, yana cin wat 70. Dukansu na Nvidia ne, kuma dukansu don aiki aka ƙera su, ba don wasa ba. Ba wanda ya yi su da niyyar a buga ƙwallo a kansu. Amma a kasuwarmu abin da ya faɗo daga ofisoshin Turai da Amurka shi muke samu da sauƙi, don haka tambayar da nake son amsa ita ce: wanne ne zai ɗauki aiki da rana, ya ɗauki wasa da dare, ba tare da ya kashe mini batir ba?

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Ban ko kunna shi ba. Matsala biyu.

Ta farko, A2000 gajeren kati ne, irin wanda ake sa wa siraran kwamfutocin ofis, kuma ƙarfen bayansa da ake ɗaure shi da noti gajere ne. Sabo fil yakan zo da ƙarfe biyu, gajere da dogo, amma wannan ya biyo ta hannu da yawa, dogon ya ɓace a hanya. Ya shiga raminsa lafiya, sai dai yana lilo, ba inda zan ɗaure shi.

Ta biyu, bakunan bayansa guda huɗu duk ƙananan DisplayPort ne, wato bakin da ake jona wayar allo. Wayata ta babban baki ce, wadda P4000 ke amfani da ita. Sai na nemo mahaɗi.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na je Panteka da la'asar, da katin a aljihun jaka da wani tsohon dogon ƙarfe da na ciro daga mataccen katin sauti don ya zama samfur. Wani dattijo mai aikin gwangwani ya karɓa, ya jujjuya, ya tambaye ni na mene ne. Na ce na kwamfuta ne, Baba. Ya ce, "To ai ƙarfe ƙarfe ne, ɗana." Ya aza gajeren a kan wani guntun falange, ya zana bakunan da ƙusa, ya yanka, ya goge da zarto, ya lanƙwasa kan. Ina zaune a benci ina kallo ko shayin da na saya bai huce ba ya gama. Ramin noti ɗaya ya ɗan kauce, ya faɗaɗa shi, shi ke nan. Abin da da sai in jira mako uku a turo mini daga Sin.

Mahaɗin kuma na samu a Kasuwar Gumi. Na sayi biyu, don irin waɗannan kayan ba a sayen ɗaya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ya kama. Kafin in cire tsohon na goge direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa katin, kakaf da manhajar gogewa ta DDU, sannan na saka sabon na ɗora direba daga farko. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wayar wuta mai baki 6 da P4000 ke buƙata yanzu tana reto ba aiki. A2000 ba ya neman waya ko ɗaya, daga ramin allon uwa yake shan duk wutarsa, tunda ramin yana iya ba da har wat 75.

Na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna abin da ke cikin kati, don in tabbatar ba a yi mini sakiyar da ba ruwa ba, domin akwai katunan jabu da ake sauya wa suna. Komai ya dace: guntun GA106 (wato ƙwaƙwalwar katin), ƙwayoyin lissafi 3,328, memori GDDR6. Wannan guntun shi ne dai a cikin RTX 3060 na masu wasa, wanda ke da ƙwayoyi 3,584, sai dai shi an sake masa mara yana cin wat 170. Wato A2000 doki ne mai kyau da aka ɗaure wa ƙafa. Shi ma P4000 haka labarinsa yake: GP104 ne a cikinsa, irin na GTX 1070, amma da ƙwayoyi 1,792 maimakon 1,920, kuma an rage masa gudu don ya shiga rami ɗaya siriri.

Abu guda da na kashe nan take shi ne ECC. Wata dabara ce ta gyara kuskure a memori, mai amfani ga wanda ke lissafin kwana da kwanaki, amma tana cinye wani yanki na memorin. Mai 6GB ba shi da abin yin kyauta.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Zagayen farko. Allona 1080p ne mai nuna hoto 60 a sakan, don haka duk abin da ya haura hoto 60 a sakan ado ne kawai. Na sa MSI Afterburner yana nuna lambobi a kusurwa, ƙanena na riƙe da hannu, ni ina rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar zane.

Mun fara da ƙwallo, don shi ne abin da ake bugawa a gidan nan kwana shida cikin bakwai. Ba wani labari. Sabon ya tsaya a 60 ƙyam, kuma na san tsohon ma haka yake yi. Wanda ƙwallo ne kaɗai wasansa ya riƙe kuɗinsa. GTA V ma kusan haka.

A Cyberpunk 2077 ne aka ga bambanci. A saitin tsakiya sabon yana yawo a kusa da 50, da na kunna DLSS, wato dabarar Nvidia ta ƙara wa wasa gudu, sai ya taɓo 60. Lambobin da na ajiye na tsohon daga makon jiya kuwa 30 da 'yan kai ne, yana faɗowa ƙasa da haka in wasa ya yi nisa. Ƙanena ya ajiye hannu ya ce, "Yaya, ai an gama, gobe ka kai wa Alhaji kuɗinsa." Ni ma zuciyata ta so ta yarda.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na yi wa tsohon katin rashin adalci, sai yau na gane.

Ina duba takardar da na yi rubutu a kai sai idona ya sauka kan zafinsa: 83, 84, 83, 84. Ba ya wucewa, ba ya sauka. Katunan wannan zamanin in suka kai wajen nan da kansu suke rage gudu don kada su ƙone. Ashe duk lambobin da na ɗauka na kati ne mai numfashi da ƙyar.

Na ɗauko shi daga aljihun tebur na kwance. Subhanallahi. Fankarsa irin mai hura iska ta cikin bututu ce, tana zuƙa ta gefe ɗaya ta tura ta tsakanin siraran ƙarafa ta fitar ta baya. A bakin ƙarafan nan ƙura ta taru ta zama kamar bargo, na ciro ta a dunƙule, ja-ja-ja, ƙurar hunturu uku ke nan tun da na saye shi ban taɓa buɗewa ba. Man da ake shafawa tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe ya zama kamar alli, da farce nake ɓamɓare shi. Na goge da sifirit, na shafa sabo, na wanke fankar da burushin haƙori. Maman yara ta leƙo ta ga tebur, ta ce in dai ba nata burushin ba ne babu ruwanta.

Zan sake gwajin daga farko. Na kuma yanke cewa kowane gwaji sai wasa ya yi minti 20 yana gudana kafin in fara rubutu, domin kati mai sanyi ƙarya yake yi.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na mayar da P4000, na sake bin wuraren nan dai. Zafinsa yanzu bai kai 80 ba, kuma Cyberpunk ya hau zuwa wajen 40. Da na kunna masa FSR, wato dabarar AMD da ke aiki a kusan kowane kati, ya ƙara sama. Har yanzu sabon ne a gaba, ba gardama, amma ratar da ta sa ƙanena tsalle ta ragu sosai. Kusan rabinta ƙura ce.

Inda ratar ba ta ragu ba shi ne kyawun hoto. DLSS da FSR duk abu ɗaya suke yi: kati ya zana hoto ƙarami, sannan a buɗa shi ya cika allo. Amma DLSS yana amfani da wasu ƙwayoyi na musamman da Nvidia ta fara sakawa a katunan wasa tun daga 2018, waɗanda P4000 ba shi da su. A 1080p bambancin a fili yake. Da FSR wayoyin lantarki da shingayen ƙarfe suna ƙyalli suna rawa in kana tafiya, da DLSS kuwa suna zaune lafiya. Sai da na nuna wa ƙanena wata waya a saman titi sannan ya gani, daga nan kuma ya kasa daina gani.

Na gwada bin sawun haske (ray tracing), wato dabarar da ke sa haske da inuwa su fito kamar na gaske, a kan A2000, tunda yana da ƙwayoyinsa. Kyau kam akwai, kududdufai suna ɗaukar hoton fitilu kamar gaske. Amma wasan ya koma tafiyar hawainiya. Na kalla na minti biyu na kashe. Yana da shi a takarda, ba shi da ƙarfin ɗaukarsa a babban wasa.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

Mako guda ba gwaji. Aikin wani bene a Barnawa ya taso, ga wuta sai a hankali.

Asabar, 6 ga Disamba

Yau tsohon ya rama. Red Dead Redemption 2 yana da wani ma'auni a shafin saiti da ke nuna memorin da zaɓinka zai ci. A kan P4000 na ɗaga laushin fata da tufafi da ƙasa zuwa ƙarshe, na ƙara inuwa, har yanzu da sauran wuri. A kan A2000 ma ya shiga, amma ma'aunin ya matso, kuma da na buɗe burauza a gefe da YouTube a ciki sai aka fara samun 'yar tsayawa in an shiga gari. Matsakaicin lamba dai sabon ne a sama. Sai dai wannan 'yar sarƙewar ta rabin sakan ta fi ɓata rai a kan a rasa hoto biyar a sakan.

Wannan shi ne abin da ke hana ni barci a kan cinikin. Memorin sabon ya fi sauri, 288GB a sakan, na tsohon 243, amma sauri ba ya maye gurbin faɗi. In kaya suka fi ƙarfin rumbu sai an riƙa kai su ram ana ɗaukowa, kuma wannan hanyar ce mai cunkoso.

Ƙanena ya kawo maganar DOOM: The Dark Ages, wanda ya fito a watan Mayun bana. Kafin in ƙona data na je na karanta sharuɗɗansa. Yana buƙatar kati mai ƙwayoyin bin sawun haske, dole, ba zaɓi ba, kuma mai memori 8GB. Na yi dariya ni kaɗai. P4000 yana da 8GB amma ba shi da ƙwayoyin. A2000 yana da ƙwayoyin amma 6GB gare shi. Ɗaya ba shi da mabuɗin ɗaki, ɗayan yana da mabuɗi amma tabarmarsa ba ta kai ba. Ban sauke ba.

Laraba, 10 ga Disamba

Maganar wuta, wadda ita ce asalin dalilin da ya sa na kalli A2000 tun farko.

Inbatana na batir biyu ne, kowanne 12V 200Ah. A lissafi wat-awa 4,800 ke nan, amma mai son batirinsa ya daɗe ba ya shan fiye da rabi, saura 2,400. A cikin wannan ne fitilu da fanka da cajin wayoyi suke, kafin a zo ga kwamfuta. Bambancin katunan biyu wat 35 ne. In an yi wasan awa 4, wat-awa 140 ke nan. Ba a raina ba, amma ba shi ne zai kai mu asuba ba.

Da na tsaya ina kallon allon inbata yayin da ake wasa, abin bai ma kai haka ba. Na daɗe ina tunani kafin in gano dalili: in kati ya fi sauri, furosesa ma dole ta ƙara himma don ta riƙa ciyar da shi, kuma wannan Xeon ɗin an yi mata ma'aunin wat 140 ne, ninki biyu na sabon katin. Abin da na tara a hannun dama sai ya zube ta hagu. A wuraren da mutane suka yi yawa a Cyberpunk ma na ga katin yana hutawa, bai cika aiki ba, furosesar ce ke riƙe masa ƙafa. Ta 2014 ce, ta yi ƙoƙari.

Abin da ya rage cin wuta da gaske ba sauya kati ba ne. Ƙayyade wasa na yi, kada ya wuce hoto 60, ko 45 in muna kan batir. Nan take lambar inbata ta sauka, fanka ta yi shiru, ɗakin ma ya rage ɗumi. Kyauta ne, kuma shekara uku ina da wannan damar ban taɓa amfani da ita ba. A nan A2000 ya fi cin riba, domin yana kai 45 ɗin ba tare da gumi ba, shi kuwa tsohon sai ya ba da duk abin da yake da shi.

Asabar, 13 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai, ko masallacin bakin layi da ƙyar ake hangowa da safe. Na yanko wani yadi mai raga na manna a gaban kwamfutar. Kwana uku ya sauya launi.

A2000 ma ba mai sanyi ba ne. Fankarsa ƙarama ce, in ta tashi tana da wata siririyar ƙara kamar sauro a kunne, kuma zafinsa yana kusantar 80 a cikin wannan sanyin. Ina tunanin Afrilu. Wani abin kuma, irin wannan katin masu haƙar Ethereum, wato wani kuɗin intanet da a da ake samu ta hanyar sa kati lissafi, sun so shi ƙwarai saboda ƙarancin cin wutarsa, har zuwa 15 ga Satumba, 2022, ranar da aka daina haƙar da kati. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa yanzu sun yi shekara suna aiki dare da rana. Na haska notukan bayansa da tocila, biyu suna da alamar an taɓa kwance su. Ko don gyaran mai ne, ko don wani abu. Na bar shi yana gwajin memori tsawon dare ranar da aka bar mana wuta, bai nuna kuskure ba.

Alhamis, 18 ga Disamba

Ban yi niyyar saka aiki a cikin wannan rubutun ba, amma shi ke biyan kuɗin katin. Na ɗauki benen Barnawa na fitar da hotonsa a manhajar Blender da katunan biyu. A nan ƙwayoyin hasken da suka kasa a wasa suka nuna amfaninsu: sabon ya gama, na je na yi alwala na dawo, da tsohon ne da har yanzu yana kan hanya. A manhajojin zane AutoCAD da Revit ban ji wani bambanci ba, can furosesa ce sarauniya. Amma da na loda wani tsohon aikin rukunin gidaje mai itatuwa da motoci da yawa, 6GB ta cika, ya ƙi. Tsohon ya ɗauka, a hankali, amma ya kai.

Sai kuma maganar direba. Nvidia ta sanar cewa jerin direba na 580 shi ne na ƙarshe ga tsofaffin zuri'o'in katunanta, Maxwell da Pascal da Volta, kuma P4000 ɗan Pascal ne. Ba wai zai mutu gobe ba, wasannin da yake ɗauka yau zai ci gaba da ɗauka. Sai dai duk sabon wasa ko sabuwar manhajar zane da za ta zo, ba wanda zai zauna ya daidaita ta dominsa. Ga Windows 10 ita ma tallafinta ya ƙare tun 14 ga Oktoba, kuma Z440 ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su a hukumance. Gidan gaba ɗaya ya tsufa, ba katin kaɗai ba.

Asabar, 27 ga Disamba

Na koma wajen Alhaji da katin a cikin ledarsa, da gajeren ƙarfensa na asali a ɗaure. Ya ga ledar ya ɓata fuska. Na ce, "Alhaji, katin nan ba shi da laifi, ya fi nawa. Amma akwai irinsa mai 12GB, guntu ɗaya, wat 70 ɗin nan dai. Shi nake so." Ya ce wannan ba ya zama a kasuwa, kuma kuɗinsa daban ne. Na ce na sani, ya riƙe kafin alƙalamin, in ya samu ya kira ni. Ya daɗe yana danna waya, ya yi magana da wani a Legas da Turancin kasuwa, sannan ya ce in ba shi zuwa tsakiyar Janairu, kafin hidimar azumi ta taso. Na ce kuma tsohon ba zan bayar ba, ƙanena ya fara tara kuɗin wata 'yar kwamfuta, zai gāje shi. Ya ce, "Injiniya, ka cika lissafi." Na ce sana'ar ke nan.

Da na dawo na mayar da P4000, na jona masa wayarsa mai baki 6, na ƙayyade shi a 45. Ƙanena ya yi fushi na kamar awa ɗaya, sannan abokansa biyu suka zo, aka kunna ƙwallo. Dogon ƙarfen Baban Panteka yana cikin aljihun tebur tare da mahaɗan biyu, na rubuta A2000 a jikinsa da maka don kada maman yara ta haɗa shi da kayan gwangwan.